Askin Muhibba

Askar ta zame daga kan fatar wasawa ta lashi babban yatsansa. Manniru ya tsaya yana kallon jinin da ya tsatso, ɗan ɗigo kamar ƙwayar gero, sannan ya waiga ko wani ya gani. Babu wanda ya gani. Maza suna ƙofar gida a kan tabarmi ana rabon goro da dabino, liman ya riga ya raɗa suna an shafa. Muhibba aka sa wa yarinyar. Abin da ya rage nasa ne: ya aske mata gashin da ta zo duniya da shi.

Ya tsotse yatsan. Tun yana saurayi yake wanzanci, daga ƙauyensu na ƙasar Katsina har ya gangaro Gwagwalada ya yi furfura a nan, bai taɓa yanka kansa ba. Ya miƙa hannun dama a gabansa ya buɗe yatsun. Rawa suke yi. Ba rawa mai yawa ba, 'yar kaɗan ce wadda in mutum na sayar da tumatir ba za ta dame shi ba.

Sati na biyu ke nan da ya bar taba. Ba don wa'azin kowa ya bari ba, wa'azi kam ya sha shi har ya ƙoshi. Tari ne ya kwantar da shi a asibiti. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa ga haske ya nuna masa wani duhu-duhu, ya ce in ya koma to ya shirya zama da roba a hanci. Ko wannan ma bai girgiza shi ba kamar mutumin gadon da ke kusa da nasa, wani tsohon direban tirela, roba a hanci, yana jan numfashi kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi, amma duk wanda ya wuce sai ya kama masa riga yana roƙon kara ɗaya. Ranar da aka sallami Manniru an riga an naɗe katifar gadon direban.

Wanda bai taɓa sha ba zai ɗauka da an bari shi ke nan. Ba haka ba ne. Tun da ya dawo gida ji yake kamar an yi rasuwa a cikinsa ba a sanar da kowa ba. Barci ba ya zuwa, in ya zo ba ya daɗewa. Rediyon da yake kwana da shi ya zama surutu. Matarsa ta tambaye shi ko a ƙara masa miya, ya daka mata tsawar da har maƙwabta suka leƙo. Majalisar bakin tasha ya daina zuwa, don can kowa da hayaƙinsa. Sai ya zauna a bakin ƙofa yana kallon kaji, ba ya son komai, ba ya jiran komai.

"Baba Wanzam, ana jiranka a ciki."

Abdulhakim ne, uban jaririyar, masinja a wata ma'aikata da ke Sheda. Ya sha sabuwar shadda, bakinsa ya ƙi rufuwa. Duk nan unguwarsu ta Paikon Kore an san irin jiran da ya yi kafin ya samu wannan ɗiya. Ciki nawa ya zube, biyu kuma an haifa ba su kai suna ba.

"Ga ni nan, ɗan nan. Bari in haɗa kaya."

Ya zura hannu a zabira, jakar fatar da yake zuba kayan aiki, yana laluben sabulu. Can ƙarƙashin ƙahonin da yake yi wa mutane ƙaho da su, yatsansa ya taɓa wani abu siriri mai laushi. Bai buƙaci ya duba ba. Karan sigari ne, ya ɗan lanƙwashe, ya maƙale a ɗinkin jakar tun kafin ciwon. Ya share gidansa tas, ya manta da zabira.

Al'adarsa ce tun fil azal: kafin ya taɓa kan jariri sai ya zagaya bayan gida ya ja kara ɗaya, ya kurkure baki, ya ɓantari goro. In ya dawo hannun nan kamar an dasa shi. Ya bar karan inda yake, ya bi Abdulhakim.

Ɗakin mai jego ya cika da mata da ƙamshin turaren wuta. Kakar yarinyar, Iya Turai, tana zaune a bakin ƙofa inda haske ke shigowa, ta shimfiɗa jaririyar a cinyarta ta tallafe kan da tafin hannu.

"Wanzam, an ce ka yi jinya. Ya jikin?"

"Da sauƙi, Iya. Alhamdu lillahi."

"Ka rame kuwa."

Ya durƙusa, ya jiƙa gashin da ruwan ɗumi, ya murza sabulu. Gashi ne baƙi mai santsi, ya kwanta luf. A tsakiyar kan, inda ƙashi bai haɗe ba tukuna, maɗiga tana bugawa a hankali, tana ɗagowa tana komawa. Fatar wurin ba ta fi ta albasa kauri ba. Ya yi bisimilla ya buɗe aska.

Rana ta bugi bakin askar, hasken ya faɗa jikin bango. Manniru bai lura ba sai da ya ga Iya Turai ta ɗaga kai. Ɗan hasken nan ba ya tsayuwa wuri ɗaya, tsalle yake yi a bangon, sama da ƙasa. Tsohuwar ta dubi bango, ta dubi hannunsa. Sai tafin hannunta ya ƙara rufe kan yarinyar.

Ya ninke askar.

"Ba ta yi kaifi yadda nake so ba. Ina zuwa."

Bayan gida an girke manyan tukwane a kan murhu, mata na tuƙa tuwon suna. Ya raɓe jikin katanga ya ciro karan. Ƙamshinsa kaɗai ya sa yawu ya cika masa baki. Zuƙa uku ta isa. Ya sani, jikinsa ma ya sani. Zuƙa uku, ya koma ya yi askin nan tas, kowa ya sa albarka. Kuma ba don kansa ba ne, don kan yarinyar mutane ne. Wa zai ga laifinsa?

"Wanzam, wuta kake nema?" Wata mai tuƙi ce ta zaro itace mai garwashi a baki ta miƙo masa, don duk unguwar an san halinsa.

Ya karɓa. Ya kawo garwashin kusa har ya ji zafinsa a gemu. Hayaƙin itacen ya shige masa hanci, tari ya taso daga can ƙasa, irin wanda ke naɗe mutum biyu. Ya dafa katanga har ya lafa. A bakinsa ya ji ɗanɗanon ƙarfe. Ya tofar, bai yarda ya dubi abin da ya tofar ba. Shi ya san kansa, bai taɓa shan kara ɗaya ya tsaya a ɗaya ba.

Ya mayar mata da itacen, ya jefa karan a zabira, ya fita ta ƙofar baya ya nufi bakin titi.

Shagon Meshach na nan kusa da masu faci, janareto na ƙara a waje. Meshach mutumin Akwanga ne, ya daɗe yana aski a nan, kuma ya daɗe yana shan ba'ar Manniru, wanda ke kiransa mai yankan ciyawa.

"A'a, Baba Wanzam da kansa? Yau za a yi ruwa. Zauna in yanka maka ciyawa."

"Ba ni aron ƙaramin injin nan naka, mai batir. Wanda kake yi wa yara."

Meshach ya kashe injin da ke hannunsa. "Kai? Oga, ba kai ka ce wanda ya riƙe inji ba ta san aski ba?"

"Na faɗa. Ba ni."

Meshach ya buɗe baki zai ƙara, sai idonsa ya sauka a kan hannun da aka miƙo masa. Ya ɗauko injin, ya goge haƙoransa da sifirit, ya sake gogewa.

"Ka daina ne, Baba?"

"Na daina."

"Babana ma haka ta yi. Wata guda yana faɗa da kowa, har karen gida ya gudu. Daga baya hannun ya tsaya."

"Ya tsaya?"

"Ya tsaya. Sai dai har yau in ya ga hayaƙi yana bin shi da ido kamar tsohuwar budurwa." Ya miƙa injin. "Ko in zo in yi maka?"

"Ka shiga ɗakin mai jego a matsayin wa? Kawo."

Da ya ciro injin a gaban mata, sai ƙus-ƙus ya tashi a ɗakin. Wata daga ƙuryar ɗaki ta ce da an san haka ai da shago aka kai ta. Wata ta ce wanzamin Abuja ke nan, saura a ga yana ƙaho da famfo. Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Manniru ya san kafin la'asar maganar ta kai kasuwar Gwagwalada, kuma ya san yadda za a faɗe ta.

"Mu dai a gidanmu da aska ake yi," in ji Iya Turai.

"Na sani, Iya."

Ta dube shi har ya ji nauyin idon. Sannan ta janye tafin hannunta daga kan yarinyar.

Ya goge sabulun, ya tsane gashin da tsumma, ya kunna. Injin ya ɗauki kyarma a hannunsa, kyarmar ta haɗiye tasa, ba mai iya raba ta inji da ta mutum. Ya bi kan a hankali, daga goshi zuwa ƙeya. Da ya zo maɗiga ya riƙe numfashi ya wuce ta kamar mai tsallake maciji. Muhibba ta yamutsa fuska, ta yi atishawa, ta koma barcinta. Gashin ya taru a faranti. Kan bai fito sumul yana ƙyalli yadda aska ke fito da shi ba, ya bar ɗan duhu. Amma babu ko ƙwarzane.

Ya kashe injin. Injin ya tsaya, hannun bai tsaya ba. Iya Turai na kallo.

Abdulhakim ya leƙo daga waje, ya ga kan 'yarsa, ya yi hamdala.

"Sannu da aiki, Baba Wanzam. Af, Yaya ya ce in tuna maka, ranar Asabar ne kaciyar yaransa biyu. Ya ce da sassafe."

Wannan kam babu injin da ke yin ta. Manniru ya ji zabira a jikin cinyarsa, ya san daidai inda karan yake kwance, kusa da askar. Iya Turai ba ta ɗauke ido daga kansa ba. Su ma jikokinta ne.

"Ka ce masa ya kai su asibiti."

"Asibiti kuma? Ai kai ka yi mana, ni da shi."

"Na yi. Ka faɗa masa haka na ce."

Iya Turai ta ja zane ta rufe kan jaririyar. "Ka ji abin da ya ce," ta ce da ɗanta. "A zuba wa Wanzam tuwo, a sa masa nama da yawa."

Bai tsaya cin tuwon ba. Ya rataya zabira ya fito, ya bi gefen titi zai mayar da injin. Wani ɗan acaba ya wuce shi da sigari a baki, hayaƙin ya tsaya a iska bayan babur ɗin ya yi nisa. Manniru ya bi shi da ido har ya watse, sannan ya ci gaba da tafiya.