Miyar Ganyen Teku a Ƙofar Kotu

Tun daga bakin matattakala na hango kular miya a hannun tsohuwar, mahaifiyar Tae-gon, ɗaure cikin ƙyalle mai ruwan hoda. Da alama ta ɗan zuba a mota, domin ƙamshin man riɗi da ganyen teku ya riga ta isowa bencin da muke zaune. Na ji Tae-gon ya sandare a gefena. Ni kuwa a raina na ce shi ke nan, matar nan ta zo ta kashe mana shari'a.

Maeng Tae-gon mai walda ne a wajen ƙera jiragen ruwa a nan Busan. Shekarunsa sun doshi arba'in, ga gemu ga kafaɗa, bayan hannunsa duk tabon tartsatsin wuta. A jikin mace aka haife shi, aka raɗa masa suna Mi-ran. Sunan tuni kotu ta sauya masa, amma lambar katin shaidarsa na nan da biyu a tsakiya, alamar mace, inda namiji ke da ɗaya. Duk kamfanin da ya ga aikinsa sai ya yi na'am, da zarar an karɓi kati kuma sai fuskar mai ɗaukar ma'aikata ta canza. Haka yake ta yawo daga ɗan kwangila zuwa ɗan kwangila, yana gyara waldar da yaran da ya koya wa aiki suka ɓata.

Ni ce lauyarsa, sunana Pyo. Abin da muke nema a kotun iyali abu ɗaya ne: a mayar da biyun nan ɗaya ba tare da an cire masa mahaifa ba. Wasu alƙalai sun fara yarda da haka. Wasu kuwa sai sun ga takardar likita cewa an yanke, an rufe, mutum ba zai taɓa haihuwa ba. Tae-gon ya ce shi ba haihuwa yake so ba, amma ba zai kwanta a farke masa ciki lafiyarsa ƙalau don a ba shi lamba ba. Alƙalinmu ya riga ya nemi takardar tiyatar, na rubuta masa cewa babu ita, kuma ba za a yi ba. Sai ya ce to yana so ya ji ta bakin mahaifiyar. Na tuna masa doka ba ta ce sai iyaye sun yarda ba, balle ga mutum mai furfura a gemu. Ya ce shi ji kawai zai yi. Na daɗe a aikin nan, na san abin da "ji kawai" na alƙali ke jawowa, kuma ranar na fita ina tafasa.

Dole ta sa na hau mota zuwa Gijang, can bakin teku, inda tsohuwar ke shanya ganyen teku tana sayarwa. Rabonta da ɗanta tun rasuwar mijinta. A kasuwa kowa Maman Mi-ran yake kiranta, da na tambayi Ok Mal-sun, sunanta na yanka, babu wanda ya gane. Na same ta tana jera ganye a kan raga, ko ɗagowa ba ta yi ba. Na yi bayani har bakina ya bushe. Da ta gaji da ni sai ta shiga ɗaki, ta nuna mini sama da haɓarta. A jikin katakon rufi an rataye ganye guda, dogo, ya fi ni tsawo, an lulluɓe shi da takarda. Na miyar mai jego ne, irin wanda ba a naɗewa, ba a karyawa, ba a taya kuɗinsa, don kada naƙuda ta yi gardama. Ta ce duk bazara takan zaɓi mafi kyau a cikin girbinta ta sauya na bara, tana jiran ranar da Mi-ran za ta haihu. Daga nan ta koma kan ragarta, ta bar ni tsaye.

Na dawo Busan ina lissafi. In ta faɗi wannan maganar a gaban alƙali, to zai ce ga dalilin da ya sa aka ƙi tiyata, gida na jiran jika. Ban gaya wa Tae-gon abin da na gani ba. Addu'ata kawai ƙafa ta hana ta zuwa.

To ga ta ta zo, har da guzuri. A nan ko ɗan firamare ya san ba a shan miyar ganyen teku ranar jarrabawa, santsi gare ta, mutum zamewa yake ya faɗi. Uwar da ke son ɗanta ya ci, ko ranar haihuwarsa da aka saba dafa miyar ce ta faɗo a ranar, ɗaga miyar take yi sai an gama. Wannan kuwa ta taso tun da sassafe ta dafa, ta ɗauko ta har ƙofar kotu.

Tae-gon ya miƙe ya rusuna mata. Ya kira ta yadda ake kiran uwa a nan, ya ce, "Omma, so kike in zame?"

Ta ƙare masa kallo tun daga takalmi har aski, ta ce a matsa mata ta zauna, gwiwarta na ciwo. Ta zauna a tsakaninmu, ta ɗora kular a cinya ta rungume.

Na sunkuya kusa da kunnenta, na fara lallaɓa ta. Na ce ba a bukatar dogon bayani, in an tambaye ta ta ce ta san halin da ake ciki, ta yi shiru. Na ce maganar ganyen da ke rataye kuwa ta gida ce, ba ta kotu ba.

"'Yar nan," ta ce, "tun kafin uwarki ta yaye ki nake ciniki da dillalan kasuwar Jagalchi ba lauya. Ki adana bakinki, za ki bukace shi a ciki."

Na ji kamar in fizge kular in wurga ta taga. Na haɗiye, domin an kira sunanmu. Mai gadin ƙofa ya ce ba a shiga da abinci. Tsohuwar ta ce masa in zai raba ta da kular nan sai dai ya haɗa da hannun. Ya dube ni, na dubi ƙasa, ya matsa mata.

Ɗakin ƙarami ne, ba 'yan kallo, daga mu sai alƙali da magatakarda. Alƙalin bai girme ni ba, mai farin tabarau, mai magana a hankali kamar yana tsoron tada wani daga barci. Irinsu sun fi ba ni tsoro a kan masu tsawa. Ya fara da Tae-gon. Ya tambaye shi banɗakin da yake shiga a wajen aiki, da wanda ya san labarinsa, da tun yaushe yake yin allurar da ta ba shi gemu da muryar maza. Tae-gon na amsawa, hannunsa a kan gwiwa. Sai aka zo inda nake gudu. Alƙali ya ce abin da ya kasa ganewa shi ne, mutumin da ya ce shi namiji ne, kuma ba shi da niyyar haihuwa, me zai yi da mahaifa?

Na miƙe na kawo hukunce-hukuncen da wasu kotuna suka yi, na yi magana kan 'yancin mutum a kan jikinsa. Ya saurare ni da ladabi, ya ce ya karanta duk wannan, amsar mai ƙara yake so. Mutumin da ke rataye a gefen jirgi yana walda iska na kaɗa shi, ga shi yau ya kasa haɗa kalma biyu. Da ƙyar ya ce, "Ba ta yi mini laifin komai ba, ya mai shari'a." Alƙali ya rubuta wani abu gajere. Ban so gajartarsa ba.

Sai ya juya ga tsohuwar, ya nemi ta faɗi sunanta. Ta ɗan yi jim kafin ta ce Ok Mal-sun, kamar mai lalubo abu a ƙasan akwati. Ya tambaye ta ko ta san abin da ake nema. Ta ce ta sani. Ya cire tabarau, ya ce zai yi mata tambaya a matsayinta na uwa, ta yi haƙuri. Tana sa ran jika daga wannan da ke zaune?

"Ina sa rai," ta ce. "Shekara da shekaru ina sa rai. Har ganyen jego na rataye."

Alƙalamina ya tsaya. Tae-gon ya runtse ido. Magatakarda na ta bugawa, kowace kalma na shiga takarda, ni kuwa ba ni da hurumin toshe mata baki. Na fara lissafin ɗaukaka ƙara a kaina, da yadda zan kalli Tae-gon in ce masa a sake jira.

Alƙali ya gode mata, ya mayar da tabarau. Ta ce ba ta gama ba.

Ta ce jaririnta bai fara tafiya ba lokacin da farar motar tsarin iyali ta shigo ƙauyensu. A zamanin ana ta shela cewa ɗa ɗaya ya isa, kuma an ɗora wa mai unguwa yawan matan da zai kawo. Mijinta ya amsa masa a wajen shan giya, ita ba ta sani ba. Tana bakin ruwa da kwando aka kira ta, ta shiga motar da rigar aiki a jiƙe. Ta fito da yamma an ɗaure mata mahaifa, an ba ta bargo ɗaya da maganin ciwo. Ta ce babu wanda ya tambaye ta, sai mijin da ya ce ta gode wa mai unguwa.

Alƙali ya ce ya fahimta, amma wannan wani zamani ne daban. Ba ta ko dube shi ba. Ta ajiye kular a kan tebur, a karon farko tun zuwanta, ta kama gefen rigarta za ta ɗaga. Ya ɗaga hannu da sauri ya ce ba sai ta nuna ba. Ta saki rigar, ta bar tafin hannunta a ƙasan cibiya.

"Wancan karon an ce sai an yanka ni ƙasa za ta ci gaba. Yau an ce sai an yanka abin da na haifa za a ba shi lamba. Ranka ya daɗe, hukuma ta riga ta yanka ciki ɗaya a gidanmu. Na biyun ku bar shi. Jika kuwa ni na sa rai, ba shi ba, kuma ran nawa ne, na san inda zan kai shi."

Tae-gon na kallon uwarsa baki buɗe. Daga baya ya gaya mini bai taɓa jin labarin motar ba, shi dai ya tashi ya ga ba shi da ƙane.

Alƙali ya daɗe yana juya takardun gabansa. Ya ce za a aiko mana da hukunci a rubuce. Har mun miƙe, ya ƙara da cewa takardar tiyatar da ya nema, a bar ta, ba sai an kawo ba. Ba hukunci ba ne, kuma na sha ganin alƙali ya yi laushi a ɗaki ya taurare a takarda. Na tattara takarduna, muka fita.

A waje rana ta take. Tsohuwar ta nufi benci a ƙarƙashin wata bishiya, ta zauna, ta kwance ƙyallen. Cokali ɗaya ne a ciki. Da ta buɗe kular na ga ganyen, baƙi, mai kauri, irin wanda ba a samu a shago. Na gane shi. Na san yanzu katakon rufin ɗakinta wayam yake.

Tae-gon ya tsaya a gabanta ya ce in dai shi ta dafa wa, zai sha, ko da zamewar ce.

"Wa ya ce kai na dafa wa? Dube shi, ƙato da kai, sai kwaɗayi."

Na ce mata, Mama, hukunci fa bai fito ba, a bari mana santsin nan ya jira.

"Alƙali ya yi nasa a lokacin da ya ga dama. Ni dai yau na sauka, kuma namiji na samu. Wancan karon surukata ko mako ba ta cika tana dafa mini miyar jego ba, wai mace na haifa. Da tana raye da yau har naman sa za ta zuba."

Ta ɗebo cokalin farko, rabin miyar ya koma cikin kula. Ta sake ɗebowa, ya sake zuba. Tae-gon ya durƙusa a kan siminti da wandonsa na zuwa kotu, ya karɓi kular ya riƙe mata daidai ƙirji. Ni da na yi shekaru ina fitowa daga ɗakin kotun nan ido a bushe, sai ga ni ina laluben hankici a jaka. Ta sha, ta ce gishiri ya yi kaɗan, ta ci gaba da sha, shi kuma yana hura mata.