Gogen da Ya Kwana a Ruwa

Ruwa bai tsagaita ba tun da bas ya bar birnin Galway. Orla ta jingina goshinta da taga, waƙa na tashi a kunnuwanta amma hankalinta ba ya kai. Littafin kakarta, Kaka Nuala, yana kan cinyarta, ta naɗe shi da leda kamar jariri. Dokar Kaka ce tun Orla tana 'yar firamare: littafi ɗaya ake ara, sai an dawo da shi, an sha gardama a kansa a gaban butar shayi, sannan a ba da wani. Ranar ruwa kuwa ranar karatu ce. Kaka za ta hura wuta, ta sa kaset ɗin marigayi mijinta yana kaɗa goge, kowa ya ja kujera ya yi tsit.

Yanzu Kaka ba ta gida. Tun da ta faɗi a banɗaki aka kai ta gidan kula da tsofaffi, wai ta ɗan huta, ga shi hutun ya ƙi ƙarewa. Jiya ta kira Orla a waya.

"Sun kawo mini rediyon, sun baro kaset-kaset ɗin kakanki," in ji ta. "Me zan yi da baki babu harshe? Ki biya gida ki ɗebo mini."

*

Da ƙyar ta gane ƙofar gidan Kaka, an shafe ta da sabon fenti. A jikin bango an maƙala wani ɗan akwatin makulli mai lambobi, irin wanda ta gani a rabin gidajen layin, gidajen da babu hayaƙi a kansu, babu shanya a bayansu, sai baƙi 'yan hutu su zo su tafi. A ciki ta tarar da Kawu Fintan, yayan mahaifiyarta, yana gyara matasan kujera.

"A'a, malamar jami'a! Kin zo koya mana zaman duniya? Cire takalmin nan, yanzu aka goge ƙasa."

Idon Orla ya kai kan kantar littattafai. Littattafan suna nan, amma duk an juya su, sunayensu na kallon bango, bakin takardunsu na kallon mutane. Kamar jama'ar da aka tsayar aka ce kowa ya ba da baya.

"Kawu, wa ya juya su?"

"Ado ne, yarinya. Mai ɗaukar hoto ta ce launukan sun cika hayaniya. Baƙi sun fi son fari-fari."

"To yaya mutum zai gane wanda yake nema?"

"Wa zai nema? Bajamushe ne zai tsallako teku don ya karanta tarkacen tsohuwa?"

Ita dama ba gwanar faɗa ba ce. A littafi ta san amsar kowace magana, a gaban mutum sai harshenta ya yi nauyi. Sai ta sauya magana.

"Kaka ta san an sa gidanta haya?"

"Kul! Ni da uwarki mun gama wannan magana. Mu muka san nauyin da ke kanmu. Ke dai karanta littafinki."

"Ina kaset-kaset ɗin?"

Ya nuna bayan gida da haɓa. "Duba cikin shara, in masu kwasa ba su riga ki ba. Wa ke jin kaset a zamanin nan?"

A bayan gida ƙaton kwandon ƙarfe ne, ruwa ya taru a cikinsa. Orla ta ajiye jakarta ta haura. Ga katifar Kaka, ga silifas ɗinta, ga butar shayin da murfinta ya ɓata tun da daɗewa. Can ƙasa ta ga kwalin takalmi ya narke kamar burodi a shayi, kaset-kaset sun watse, zarensu ya cuɗe da ganyaye. Mutum ya yi rayuwarsa yana kaɗa wa garin nan biki da makoki, a ce muryar gogensa ba ta samu ko lungun durowa ba! Takardun da ba wanda zai buɗe sun tsira saboda suna kyau a hoto, abin da tsohuwa ke kwana da begensa an jefa wa ruwa. Kaset ɗaya tak ta samu zarensa bai tsinke ba. Ta sa biro ta naɗe shi a hankali, ta cusa shi cikin rigarta.

*

A falon gidan tsofaffin an jera kujeru suna fuskantar talabijin da ba mai kallo. Wata ma'aikaciya ta wuce da sauri, ita kaɗai ga mutum nawa, ta nuna mata ɗaki. Kaka na zaune a bakin taga, rediyon a gefenta.

"Ja'ira, kin jiƙe sharkaf kamar kaza! Kin gama littafin?"

"Na gama. Matar nan ta ciki haushi ta ba ni, Kaka. Ta cika haƙuri."

"Ƙuruciya ke damun ki. Za mu yi wannan gardamar." Ta yi dariya har da tari. "In kin mayar da shi, ki ɗauki mai koren bango, a kanta ta sama, kusa da taga. Kuma ki ce wa Fintan ya riƙa rufe tagar nan, kada feshi ya taɓa mini littattafai kafin in dawo."

Orla ta ajiye littafin kusa da rediyon, ta ciro kaset ɗin ta miƙa.

"Ɗaya kawai?"

"Ɗaya na samu."

Kaka ta juya shi a tafin hannunta. Rubutun da ke jiki ya wanke, ɗigon ruwa ya gangaro daga ramin kaset ɗin ya sauka a kan siket ɗinta. Ta daɗe tana kallon ɗigon. Sannan ta ɗaga ido ta dubi gwiwoyin Orla, inda tsatsar kwandon ta yi shati. Nan ta gane inda aka samo shi. Ta sa kaset ɗin ta danna.

Gogen ya taso a karkace, yana jan ƙafa, yana nutsewa yana tasowa kamar mai kuka a ƙarƙashin bargo.

"Haka yake," in ji Kaka a hankali. "In ana ruwa, jan kiɗa yake yi kamar ba ya so ya ƙare."

Ta ɗauki littafin, da ledarsa da komai, ta mayar kan cinyar Orla.

"Riƙe shi. Kada ki mayar."

"Amma dokarki, Kaka..."

"Na ce ki riƙe."

Can zaren ya sarƙe, rediyon ya yi ƙas ya tsaya. Ruwa ya ci gaba da dukan taga. Orla ta sunkuyar da kai, sai ta ga ƙafar Kaka a cikin silifas ɗin da ba nata ba, tana ta buga ƙasa a hankali, tana bin kiɗan.