Tantabarun Abdul-Rashid da Gidan Tsibiri

Duk wanda ya ce ya zauna a unguwar Old Trafford ta Manchester a shekarun nan amma bai san Baba Abdul-Rashid mai tantabaru ba, to bai zauna ba, wucewa ya yi. Mutumin Zangon Sakande ne a ƙasar Gana. Bai taɓa zama a aji ba ko na yini ɗaya, amma shekara ashirin da shida ya yi a ɗakin injin jirgin ruwa, ya taka garuruwan da masu digiri sai a taswira suke ganinsu. Sau biyu jirgi ya kama da wuta yana ciki, ya fito da ƙafarsa. Shi ya sa ranar da likita ya gama sauraron ƙirjinsa ya ce huhun nan ba zai ɗauki wani sanyin Manchester ba, dariya Baba ya fara yi. Dariyar ce ta koma tari, tarin kuwa ya ƙi tsayawa sai da aka kawo masa ruwa.

Tun rasuwar matarsa Salimatu, abin da ya rage masa a gidan tantabaru ne guda takwas. A hannun wani tsohon Bature mai tseren tantabaru ya saye su, da zobe a ƙafar kowace, ya haɗa musu ɗaki da katako a bayan gida da hannunsa. Babbarsu, wata mai ruwan toka, Gwaggo yake kiranta.

'Yarsa Habibatu, wadda ke aure a Small Heath can Birmingham, ta bugo waya da ta ji maganar likita.

"Baba, ka taho wurinmu mana. Ga ɗaki, ga ɗumi, ga masallaci a bakin layi."

"Tantabarun fa?"

"Haba Baba, landlord ɗinmu, mai gidan da muke haya, ko kyanwa bai yarda da ita ba."

"To ni ma bai yarda da ni ba ke nan. Ki gaida mijinki."

Maƙwabciyarsa Monica ce ta zo da wata magana. Tsohuwar nas ce, mutuniyar tsibirin Tobago, gida biyu ne tsakaninsu. Ta kawo masa hoto: gidan katako a kan tudu, bishiyoyin kwakwa da ayaba sun kewaye shi, akuya ɗaure a gindin mangwaro, can ƙasa kuma teku. Gidan mahaifiyarta ne a ƙauye can Tobago, shekara uku ke nan ba kowa a ciki. Ta ce za ta ba shi haya ya zauna ya kula mata da shi, kuma kare ne, kyanwa ce, tsuntsu ne, duk abin da yake da shi ya kai, don mahaifiyar tata ma a falo kajinta suke kwana.

Baba ya daɗe yana kallon hoton. Ya san ruwan nan, ya ratsa shi tun Monica ba ta daina tsotson yatsa ba. Ga rana, ga fili, ga inda ba wanda zai ce masa kashin tantabara ya ɓata shanya. Kafin mako ya zagayo ya gaya wa mai gidansa ƙarshen wata zai ba da makulli. Namiji ba ya magana biyu.

Sai da surukinsa Jalilu, mijin Habibatu, ya bi takardu aka gano inda gizo yake saƙar. Likitan dabbobi ya ce sai tantabarun sun yi kwana talatin a kulle a wuri ɗaya, ba su haɗu da tsuntsun waje ba, sannan ya sa hannu a takardar da za su hau jirgi da ita. Wa'adin gidan kuwa saura kwana shida. Haka aka zuba su a keji biyu, Jalilu ya ɗauko su a motarsa tare da Baba, aka ɓoye su a ɗan ɗakin ajiya na bayan gidan Small Heath, ba tare da sanin landlord ba.

Ɗakin ba taga sai wata 'yar kafa. Kwana huɗu tantabarun suka rage ci. Gwaggo ta kumbura gashi ta maƙale a lungu, ko Baba ya yi mata fito sai ta buɗe ido ɗaya ta mayar. Abin ya tsaya masa a rai, tuwo ma ya daina wucewa.

A Zango, in ka kawo tantabara sabon gida, an san abin da ake yi. Ka jiƙa kanwa da sukari a ruwa ka ba ta kwana bakwai, ka ciyar da ita a tafin hannunka, ran na takwas ka buɗe mata. Za ta zagaya gida sau uku ta sauka. Baba ya yi haka tun yana ɗan shekara tara, ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ya aiki Habibatu shagon 'yan Afirka ta sayo kanwa.

Jalilu ya same shi yana dama ruwan.

"Baba, likitan nan fa thirty days ya ce. In suka fita ko minti ɗaya ne, lissafi ya koma farko, tikitin jirginka kuma ba zai jira ba."

"Wa zai gaya masa? Kai? Iska kawai za su sha su dawo."

"Allah ya ja da ranka, waɗannan ba irin namu na gida ba ne. Na tsere ne. Inda suka tashi suka sani."

"Jalilu, kai direban bas ne, ka tsaya a kan bas ɗinka. Tantabara tantabara ce. Mai gero take bi, ba katako ba. Ni da na yi kiwonsu tun ubanka yana yawo ba wando?"

Jalilu ya sunkuyar da kai, ya ɗauki jakarsa ya tafi aiki. Me zai ce wa suruki?

Rana ta takwas da hantsi, Habibatu tana shanya, Baba ya fito da kejin biyu tsakar gida ya zare sakata. Gwaggo ce ta fara leƙowa. Sai fuuu, duka takwas suka tashi, har ƙirjinsa ya yi sanyi don daɗi.

"Kin gani? Ƙirga. Ɗaya."

Suka zagaya rufin gidajen, suka yi sama.

"Biyu."

Ba a yi na uku ba. Suka haɗe wuri ɗaya, suka bi ta saman hasumiyar masallaci suka miƙe arewa, kamar an ja su da zare. Baba ya ɗauki gwangwanin hatsi yana kaɗawa yana fito. Ya kaɗa har aka kira azahar. Yayyafi ya sauko, Habibatu ta fito da bargo ta yafa masa.

"Baba, ka shigo. Ƙirjinka."

"Za su dawo. Ba su san unguwar ba ne."

Ya ci gaba da kaɗa gwangwanin, bai kalle ta ba.

Washegari ya hau motar Manchester shi kaɗai, da gwangwanin a aljihun kwat. Ya bi ta lungun bayan tsohon gidansa ya leƙa ta kan katanga. Ɗakin tantabarun babu shi, an ɓaɓɓalle katakon an jingine a gefe. A kan rufi kuwa, daidai saman inda ɗakin yake a da, ga su nan a jere cikin ruwan sama, sun jiƙe sharkaf. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Shida.

Wani matashi ya buɗe ƙofar baya da kofin shayi a hannu. Sabon ɗan hayan ne, Kambai, mutumin Kafanchan. Da ya ji tsoho yana magana da tsuntsaye da Hausa sai ya ajiye Turancin da ya fito da shi.

"Sannu Baba. Ashe naka ne? Tun jiya da rana suke nan. Na watsa musu burodi sun ƙi kulawa."

"Burodi! Ka ɗauka 'yan tasha ne?"

Kambai ya buɗe masa ƙofa. Baba ya shiga ya kaɗa gwangwani sau biyu. Gwaggo ta sauko kan hannunsa, sauran suka biyo, suna ci suna rawar sanyi. Ya juya ya kalli Kambai don ya shaida. Amma da suka ƙoshi, ɗaya bayan ɗaya suka tashi suka koma kan rufin, wurin nan dai, suka bar shi da hannu a miƙe.

"Daga ina suka taso, Baba?"

"Birmingham."

"Kai! Mil tamanin fa, cikin wannan ruwan. Lallai suna son gidan nan."

Baba ya ɗaga kai ya dubi rufin. Wani abu ne ya dawo masa wanda ya fi shekara talatin bai tuna ba. A tsakiyar teku, inda kwana uku ba a ga ƙasa ba, wani lokaci tantabara takan faɗo kan jirgi da zobe a ƙafa, baki a buɗe, ƙashin ƙirji kamar wuƙa don rama. Ma'aikata su ba ta ruwa a murfin kwalba, ta huta rabin yini, sannan ta tashi ta nufi inda babu komai sai ruwa. A lokacin dariya suke yi mata.

Ko da likitan dabbobi ya sake ƙirga talatin daga farko, ko da an sauya tikiti, ranar da zai buɗe musu ƙofa a kan tudun Monica, haka za su zagaya bishiyar kwakwa sau biyu su miƙe. Ko kuma ya kulle su har su mutu, a gidan da ya nema domin su sha iska.

Ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar Monica. Ta fito da tabarau a goshi.

"Ki ba wani gidan," ya ce.

Ta leƙa ta ga tantabarun a kan rufi, ta dawo da ido kansa.

"To ka tafi kai kaɗai mana. Tsuntsaye za su sami mai ba su abinci. Kai wa zai ba ka wani huhun? Na yi aikin asibiti shekara talatin, na san irin wannan tarin."

"Ni wuta ta ci jirgi da ni sau biyu."

"Wannan ba wuta ba ce, Disamba ce. Kuma ka ba da makulli. Ina za ka kwana?"

Ya ce ta buga wa Habibatu ta ce ya iso lafiya, ya juya ya koma bayan gidan. Kambai yana nan tsaye, Baba ya shiga duba katakon, yana ware masu kyau da waɗanda suka tsage.

"Baba, ba ni na so ba. Landlord ne ya ce a cire. In za a mayar da ɗakin sai na tambaye shi, kuma ba ya ɗaga waya sai Litinin."

"Yau wace rana?"

"Juma'a."

"To su kwana uku a kan rufi cikin ruwa, suna jiran Litinin?"

Tari ya sarƙe shi, ya dafa katanga har ya lafa. Ya goge bakinsa da hannun kwat, ya ɗaga katako ɗaya ya jingina da bango.

"Ɗana, shiga ka duba mini ko kana da guduma."