Gaban Motar Jelani

A Wurno, in sitiyarin mota ya fara wasa, wurin Malam Abdulƙadiri bakanike ake kai ta. Shekara talatin da ɗoriya yana gindin dalbejiyar bakin tasha, kuma aikinsa bai taɓa canzawa ba. Zai sa jak ya ɗaga gaban mota, ya tsuguna, ya kama taya sama da ƙasa ya jijjiga, sannan ya kama gefe da gefe ya sake. In motsin sama da ƙasa ne, galibi boris ɗin da taya ke juyawa a kansa ne ya ci. In gefe da gefe ne, tayarod ne, sandar nan da ke haɗa sitiyari da ƙafar mota. Tafin hannunsa ke gaya masa. Yana aiki kuwa ko mai motar bai isa ya taɓa tayar ba, sai dai ya koma gefe ya harɗe hannu kamar wanda ya kawo mara lafiya asibiti.

Bara hannunsa na dama ya fara rawa. Ya ce sanyi ne. Da zafi ya shigo ya ce gajiya ce. Daga nan ya koyi cusa hannun a aljihu in ana hira, kuma a ganinsa ba wanda ya lura.

Jelani direba ne, yana jan bas tsakanin Wurno da Goronyo, mutane a ciki, buhunan albasa a bisa. Wata safiya ya kawo motar.

“Baba, motag ga yawo takai bisa hanya. In na riƙe sitiyari sai in ji kamar ba ni ka tuƙi ba.”

Malam Abdulƙadiri ya ɗaga motar, ya kama tayar hagu. Sama da ƙasa, ya ji motsi. Gefe da gefe, ya ji motsi. Ya koma ta dama, nan ma duk ya ji. Ya daɗe a tsugune bai san wanne ne na ƙarfe, wanne ne na hannunsa ba. Direbobi uku na zaune kan benci suna kallo, masu jiran a yanke hukunci su gyaɗa kai.

“Boris na,” ya ce. Ya canza na hagu, Jelani ya yi godiya ya tafi.

Kwana takwas sai ga shi ya dawo, gaban motar duk laka.

“Baba, jiya Allah yat tsare. Wajjen Kagara taƙ ƙwace mani, munka hwaɗa gonar mutane. Mu goma sha huɗu, har da mai goyo. Ba wanda yaj ji ciwo.” Ya sassauta murya. “Halan boris ɗin nan jabu na? Ka san kayan yanzu.”

Jelani ba faɗa ya zo yi ba. Da zuciya ɗaya ya kawo wa tsohon mafita, kuma mafita ce mai kyau, don ba direban da zai yi gardama in an zagi kayan yanzu. Malam Abdulƙadiri ya ji daɗin jin ta, sannan ya ji kunyar daɗin da ya ji.

Ya sa jak. Ya shimfiɗa buhu a ƙasa.

“Jelani, taho ka kama tayag ga. Gehe da gehe.”

“Ni, Baba?”

“Kai. Jijjiga sannu, kak ka bari sai na ce.”

 Tsohon ya kwanta rigingine, ya ja jiki ƙarƙashin motar. Bai yi minti guda ba ya gani. Kan tayarod na rawa cikin kwaf ɗinsa, robar da ke rufe shi ta yage tun ba yau ba, ba ko ɗigon giris sai yashi. Duk jijjigar da Jelani ya yi sai kan ya leƙo kamar zai fita. Boris ɗin da ya cire kwana takwas da suka wuce lafiyarsa lau.

Ya fito, ya zauna kan buhun, bai mai da hannun aljihu ba. Ya bar shi bisa gwiwa yana rawa, kowa na gani.

“Boris ba jabu ba na. Tayarod na, kuma tun ran nan shi na. Ni ban ji ba.”

“Haba Baba, kowa na kuskure.”

“Wanga ba kuskure na ba. Hannun ya daina ji.”

Ya canza tayarod ɗin a hankali, sifana na zamewa yana sake kamawa. Da ya ɗaure noti ya sa fil ɗin da ke hana shi kwancewa, ya sauke motar, ya nuna ƙetaren titi da haɓa. Can ne garejin Lawwali, mutumin da tsohon ya shekara goma yana cewa bai iya komai ba sai wankin mota.

“Kai ma Lawwali ya jijjiga kahin ka ɗauki kowa. Daga yau gaban mota can za ka kai. Juyen mai da birki ka iya kawo mani.”

Jelani ya karɓi makullinsa. Ya shiga ya tada motar, ya tsallaka titi. Malam Abdulƙadiri ya naɗe buhun, ya juya benci ya ba titi baya, ya zauna.