Mitar da ke Ɗakin Ƙasa

Kan Roland ne ya fara ɓullowa daga matakalar ɗakin ƙarƙashin ƙasa, yanar gizo-gizo manne a sanƙonsa, sannan sauran jikin ya biyo baya yana nishi. Mahaifiyarsa, Enid, tana tsaye a bakin ƙofa ta dafe bango, tana mamakin yadda yaron da ta yi wa wanka a baho ya fara furfura.

"Wannan rami wata rana sai ya karya mutum," ya ce yana kakkaɓe gwiwar wando. "Amma shi ke nan, Mama, daga yau an gama."

"An gama me?"

Sai da ya zauna ya kurɓi shayi sannan ya yi mata bayani, a hankali, irin yadda ake yi wa wanda ake zaton kansa ya fara kwancewa. Ya sa sunanta a wani kamfani da ba shi da aiki sai farautar wutar lantarki mai araha. Na'urarsu ce ke dubawa, da ta ga mai sauƙi sai ta ɗauke gida daga wannan kamfanin wuta ta kai wancan, ba sai an tambayi kowa ba. Har ma ta samo mata sabo, kuma za su zo su kafa sabuwar mita mai aika lambarta da kanta.

"Kin ga ba sauran shiga rami. Kin huta, na huta."

"Haka ne," ta ce, ta tura masa farantin biskit.

Wanda ya gina gidajen layinsu a garin Todmorden na Ingila, ko wane ne, bai taɓa tunanin zai tsufa ba, don a can ƙarƙashin ƙasa ya bar wa mita wuri. A da, Wilf mijinta ke sauka ya karanto. Bayan rasuwarsa, ƙugun Enid ya ce shi da matakala har abada, aikin ya faɗo kan Roland. Duk Asabar ta farkon wata zai taso daga birnin Leeds, ya sauka, ya tura lambar ta waya, ya sha shayi, ya dubi agogo. Kirsimeti a gidan surukansa yake yi, ranar haihuwarta kuwa furanni yake aikowa. Enid ba yarinya ba ce, ta san abin da ke kawo shi. Ba ta taɓa jin haushin mitar ba, godiya ma take yi mata.

Da motarsa ta sha kwana, gidan ya yi shirun da ta saba da shi, amma ranar sai ta ji tsoronsa.

*

Doreen maƙwabciyarta ta ji labarin ta saman katanga, wajen shanya.

"To ki buɗe baki ki faɗa masa mana. Bakin ba na shan shayi kaɗai ba ne."

"In ce masa me? Zo ka ga uwarka? Abin da sai an roƙa ai ya zama sadaka."

"Ji girman kai. Tsohuwa da ke, haƙora a kofi, amma hanci a sama."

"Naki 'ya'yan da kika iya roƙo, ina suke?"

Doreen ta yi dariya, don nata suna Ostareliya, a gilashin waya take ganin jikokinta suna girma. Ta maƙale wata safa a igiya, ta rage murya kamar za ta faɗi sirrin gwamnati.

"Mako biyu ake bayarwa. In kika kira sabon kamfanin kafin ya cika kika ce kin fasa, dole su fasa. Gidanki ne, sunanki ne a kai, ba na Roland ba."

*

Da Enid ta kira sabon kamfanin, na'ura ce ta ɗauka. Ta ce a danna ɗaya, ta ce a danna uku, ta ce ba ta fahimta ba, ta saka kiɗa. Sau biyu layin na yankewa. Enid ta jawo kujera kusa da wayar, ta rufe ƙafafunta da bargo, ta ce yau ko ita ko su. Shayinta ya huce kafin muryar mutum ta fito, wata yarinya da ta ce sunanta Shona.

"Za a iya fasawa, Iya, lokaci bai wuce ba. Sai dai dole in rubuta dalili. Tsada ce, ko kin samu wanda ya fi mu, ko ba da saninki aka yi ba?"

"Babu ko ɗaya."

"To mene ne?"

Abin da ta kasa faɗa wa ɗan cikinta, sai ga shi ya zubo wa baƙuwar da ba za ta taɓa gani ba.

"Mitata a ɗakin ƙasa take, 'yar nan, ni kuma ba na iya sauka. Ɗana ke zuwa ya karanta. In kuka kawo mai karanta kanta, me zai zo yi?"

Ta cikin wayar Enid ta jiyo wasu muryoyi can nesa suna amsa wasu mutanen.

"Babu gurbin wannan a nan," Shona ta ce. Muryarta ta canza. "Zan sa 'wani dalili'. Na fasa miki, Iya. Ni ma tawa uwar, rabona da ita tun bazara."

"To ki je."

"Zan je, in aiki ya yi sauƙi."

Enid ta san wannan amsar, ba yau ta fara jin ta ba. Duk da haka da ta ajiye wayar sai ta ji daɗi ya rufe ta, irin na wanda ya ƙwato abinsa daga hannun ɓarawo.

Kafin yamma Roland ya kira, saƙon fasawar ya iso masa.

"Mama, me kika yi haka? Ina ƙoƙarin sauƙaƙa miki, kina mai da hannun agogo baya."

Ga dama ta samu, maganar har ta zo bakinta. Sai ta ji muryar matarsa a bayansa tana tambayar inda makullin mota yake, ta haɗiye abarta.

"Ban yarda da sabuwar mitar ba ne kawai. Doreen ta ce suna ƙarya."

"Doreen." Ya ja dogon numfashi. "Shi ke nan, ba zan tilasta miki ba. Zan cire sunanki daga wurinsu, ki zauna da tsohuwar mitarki. Sauran ki bar mini, na san yadda zan yi."

*

Asabar ɗin farkon wata ta zo da yayyafi. Tun da safe Enid ta sa naman tunkiya da dankali a tanda, abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta ce yau ba shayi kaɗai Roland zai sha ya gudu ba. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ta jera faranti biyu, ta sa 'yan kunnenta.

Da aka ƙwanƙwasa, har ta manta da sandarta.

Wani mutum ne tsaye, sanye da rigar ruwa mai ɗauke da tambarin tsohon kamfanin wutarta, yana nuna mata katin aiki.

"Sannu, Iya. Duba mita na zo. Ɗanki ne ya kira ofis ya ce ba kya iya sauka, aka sa ki cikin tsofaffin da muke zuwa wa gida. Daga yanzu mu za mu riƙa zuwa, kyauta ne."

Ta matsa gefe. Ya goge takalmansa da kyau, ya sauka, ya hau, tun kafin ta gama sanin inda za ta sa hannuwanta.

"Ga abinci ya nuna," ta ce. "Ko ɗan kaɗan."

"Ƙamshin kam ya kama ni tun daga waje, amma gidaje na jirana." Ya tsaya a bakin ƙofa yana jan hular rigarsa. "Kin yi dacen ɗa, Iya. Gidajen da nake shiga, wasu babu mai ko tuna suna raye."

"Na yi dace," Enid ta ce.

Ta rufe ƙofar, ta koma kicin tana bin bango, ta kashe tanda. Ta daɗe tsaye a gaban teburin, sannan ta ɗauki faranti ɗaya, ta goge shi duk da ba abin da ya taɓa shi, ta mayar cikin kabad.