Babi Uku na Ƙarshe

A sashen adabi Jan Biro ake ce masa. Sakatare ya ce ko katin gayyata ka miƙa masa sai ya yi masa gyara. Ɗalibai kuwa sun ce littattafai tara na marigayi malaminsa duk suna kansa, har lambar shafi, kuma shi ya rubuta wa kowanne gabatarwa da aka sake buga su.

Inna ta shekara ashirin tana buga masa takardu kafin ta koma karatu da furfurarta. Yanzu ɗalibarsa ce, sa hannunsa kaɗai ya rage a karɓi kundinta. Wata shida ta yi a ɗakin kwamfuta tana koyon sa na'ura ta ƙirga ƙananan kalmomi, irin su "amma" da "sai" da "kuwa", waɗanda marubuci ke zubawa ba ya sani. Ta datsa littattafan tara babi-babi ta loda. Na'ura ta fitar da taswira, kowane babi ɗigo ɗaya, masu salo iri ɗaya kusa da juna.

Ranar da ta haska taswirar a bango gaban aji, ɗigogin sun cure wuri guda. Goma sha biyu ne suka ware gefe.

"Waɗancan fa?" in ji Jan Biro.

"Uku babin ƙarshe ne na littafi na tara, Malam. Sauran taran ban gama dubawa ba."

Ya matsa jikin bango ya karanta sunayensu. Ya daɗe a wajen kafin ya juyo.

"Gabatarwata kika bari a ciki. Ɗan aji ɗaya ma ya san ana cire ta. Shekara ashirin kina buga abin da ba ki gane ba, yanzu kin samo injin da zai taya ki rashin ganewa. Ki fitar da maganar babi ukun nan daga kundinki, ko ki nemi mai sa miki hannu."

Wani ya yi dariya daga baya. Inna ta naɗe wayar kwamfutarta ta fita.

Kai tsaye ɗakin kwamfuta ta nufa. Ta cire gabatarwar nan guda tara, babi ukun suka tsaya su kaɗai a gefe. Ta mayar da gabatarwar, babi ukun suka manne musu. Ta canza kalmomin da ake ƙirgawa har sau huɗu, ba abin da ya sauya.

Washegari da safe ta shiga ofishinsa, ta ajiye taswira biyu a kan tebur.

"Na cire gabatarwar, kamar yadda ka ce. Babi ukun ba su koma wajen marigayi ba. Na mayar, suka ruga wajenka."

"Zauna, Inna."

"Ba zan zauna ba. Barin gabatarwa kuskurena ne, na ɗauka. Amma da ka je jikin bangon nan ka riga ni ganewa. Ka zage ni gaban sa'annin 'ya'yan cikina don kada kowa ya kalli bangon."

Ya cire tabarau yana murza idanu.

"Hannun marigayi ne ya shanye ana saura babi uku. Daga baya maganar ma ta ɗauke. Ni na ƙarasa masa. Shekara talatin ana yaba masa ƙarshen littafin nan, ban taɓa gaya wa ko matata ba."

"Ban zo tona asirin kowa ba. Amma abin da na ƙirga ba zan goge ba."

Ya jawo takardar amincewa ya sa hannu, ya tura mata. Ba ta taɓa ta ba.

"A gaban aji ka faɗa, Malam."

Sati guda takardar tana kan teburin. Da ajin ya sake haɗuwa, ya sa aka haska taswirar, ya tsaya a jikin bangon.

"Ƙirgar Inna daidai ne. Babi ukun nan ni na rubuta su." Ya nemo ta da ido a layin ƙarshe. "Inna, na ci mutuncinki a nan, alhali na san kin fi ni gaskiya. Ki yafe mini."