Iska a Birkin Baya

Tun da rana ta leƙo a-kori-kurar take tsaye da ƙafa uku a tsakar gida, tayar baya ta hagu a jingine da bango. Maigidan yana kwance kan buhu a ƙarƙashinta, ba a ganin komai nasa sai tafin ƙafa.

Jiya ya canza takalman birkin baya, da ɗan tulun man da ke tura su, wanda ya fara yoyo. Bai yarda ya kai wa bakanike ba. Bakanike yana ɗaure noti yana hira, kuma ba 'yarsa ce za ta shiga motar ba. Amma da ya gama ya taka, sai birkin ya nutse har ƙasa kamar an taka soso. Iska ta shiga. Ita kuwa iskar birki ba ta fita sai da mutum biyu: ɗaya a sama yana takawa, ɗaya a ƙasa yana buɗe ɗan notin da man ke fita.

Shi ya sa ya raba matarsa da wanke-wanke ya ɗora ta a kujerar direba.

"Taka! Ƙara! Riƙe nan, kar ki motsa."

Ya murɗa sifana. Man ya biyo tiyo zuwa cikin kwalba, yana tafe da ƙananan kumfa. Ya ɗaure.

"Saki!"

Suka sake. "Saki!" Suka kuma sakewa. "Saki!"

"Maigida," in ji matar daga sama, "na uku ke nan fa. Ka rage murya kafin maƙwabta su zo taya ni kwashe kaya."

Dariyar 'yarsu ta fari ta taso daga wajen kejin kaji, inda take jera ƙwai a kiret. Shi bai yi dariya ba. Ya kusanto da kwalbar har tana taɓa masa hanci, yana neman kumfa. Abin da ke gabansa ma sai ya yi haka yake gani. Tun da yanar ido ta rufe masa na dama, na hagun ma ya fara hazo, likita ya ce ya ajiye tuƙi. Kaji kuwa ba su san da likita ba, kullum sai sun yi ƙwai, masu shagunan ƙasan gari kuma suna jira. Yau 'yar ce za ta kai, ita kaɗai, karo na farko, ta gangaren nan mai lanƙwasa wanda ko shi da ya tsufa a kansa ba ya saukarsa sai bakinsa na motsi.

"Ya yi tauri?" ya tambaya.

"Kamar dutse. Ƙafata har ta sage."

"Tauri sosai, ko tauri dai?"

"To fito ka taka da kanka mana."

Ya fito, ya taka. Ya yi tauri. Ya ɗora ƙafa ya danne yana jira ya ji ko zai sulale a hankali. Bai sulale ba. Maimakon hankalinsa ya kwanta, sai ya ji kamar birkin yana ɓoye masa wani abu ne.

Ya mayar da tayar, ya juya ta da hannu tana sama. Ta yi rabin zagaye ta cije.

'Yar ta ajiye kiret ta tsuguna kusa da shi, ta gwada ita ma. "Baba, ya kama da yawa."

"Gara ya kama."

"Ba kai ka ce in ya kama yakan yi zafi ba? Ka ce birkin da ya yi zafi ba ya ci."

"Ni na ce?"

"Har ka sa na taɓa ƙarfen birkin na ƙone."

Ya dubi tayar. Shi ya matse birkin jiya, yana matsawa yana hango gangaren, yana ƙarawa. Ya karɓi sukundireba ya zura ta ɗan ramin da ke bayan ƙarfen, ya lalubo haƙoran abin matsewa, ya soma sassautawa. Kowane ƙas da ya ji, sai ya ji kamar a ƙirjinsa ake kwance wani abu. 'Yar tana juya tayar.

"Saura kaɗan."

"Ya isa, Uwata."

"Saura kaɗan, Baba."

Ya ƙara. Tayar ta zagaya, tana ɗan gogawa siririn gogi, ta tsaya don kanta.

Aka sauke jak, aka loda ƙwai. Ya sa ta ja motar zuwa bakin ƙofa ta taka, ta dawo da baya ta taka, ta kuma. Yana biye da ita a ƙasa, ya sa kunne a nan, ya dafa ƙarfe a can, ya shinshina yatsunsa.

"Baba, ƙwan nan za su ƙyanƙyashe kafin in bar gida."

Ya zagaya ya kama murfin ɗaya ɓangaren. "Bari in raka ki zuwa ƙasan gangaren kawai. Sai in dawo a ƙafa."

"Ranar da ka raka ni, wa ya ja birkin hannu a tsakiyar titi don ya ga inuwar bishiya?"

"Kamar mutum ce."

"Mun ci wainar fasassun ƙwai har muka gaji," in ji matar tana goge hannu da gefen zane. "Ka yi alkawari, Maigida. Cika mata mota."

Ya cika. 'Yar ta gyara madubi, ta yi bisimilla, ta ɗaga musu hannu ba tare da ta waiwayo ba. Motar ta fita a hankali, ta karya kwana, ƙararta ta yi ta raguwa har ta haɗe da sauran ƙarar gari.

Ya dawo yana tattara kayan aiki. Ya naɗe buhun. Nan ya ga wani ɗan jiƙo a ƙasa, daidai inda tayar hagu ta tsaya, bai fi faɗin tafin hannu ba.

Ya durƙusa ya dangwala, ya murza tsakanin yatsu. Da santsi. Amma duk hannunsa santsi ne tun safe. Ya ɗaure notin nan na ƙarshe kuwa? Ya tuna ya buɗe. Ya tuna dariyar yarinyar, ya tuna kwalbar a hancinsa. Ɗaurewar ce ya neme ta sama da ƙasa a kansa ya rasa.

"Man da ya zuba ne da kana cire tiyo," in ji matar. "A gabana aka yi."

"Kina sama. Yaya aka yi kika gani?"

"Da a buɗe yake, ai da bai yi tauri ba."

"In rabin ɗauri na yi masa fa?"

Ya miƙe. Ya laluba aljihu da hannun mai, ya zaro waya, ya kanga ta a idon hagu har ya samo lambar. Ta shiga. Tana ta ƙara, ba a ɗauka ba. Ya sake kira.

"Ba za ta ɗauka ba," in ji matar a hankali. "Kai ka sa ta rantse ba za ta taɓa waya ba muddin mota na tafiya."

Ya tsaya a tsakar gidan, wayar a kunne, yana lissafin inda ta kai yanzu. Ta wuce gidan mai. Ta kusa lanƙwasar farko. Wayar tana ta ƙara, shi kuma bakinsa na motsi, bai san me yake roƙo ba, ta ɗauka ko kar ta ɗauka.